Adireshin Baba Alby

Mai girma shugaban wannan zama kuma shugaban Kwamitin Tsara Gari, Mista Rodney Faulkner. Mai girma shugabar ƙaramar hukumarmu da kansilolinta, waɗanda suka sadaukar da Asabar ɗinsu. Inna Merle, wadda ta buɗe mana taro da sunan kakanninta, mutanen asalin ƙasar da muke tsaye a kanta, waɗanda suka san bakin kogin nan tun kafin wani ya zana shi a takarda. Abokan aikina 'yan kwamiti. Ma'aikatan ofishin tsara gari. Wakilan kamfanin da ya shigar da buƙata. Matan da suka ɗora mana ruwan shayi a bayan zaure. 'Yan kwana-kwana na sa kai da suka jera kujerun nan tun da safe. Dattawa maza da mata, da ɗaukacin jama'ar Tarrindi, na zaune da na tsaye a bakin ƙofa: barkanku da rana, barkanku da zuwa.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina kuma ƙara gode masa da ya yarda ya kife ƙararrawarsa a kan tebur. Kun san ƙa'idarmu, duk mai magana minti uku gare shi, kuma shekara shida ina kallon Rodney yana kaɗa ƙararrawar nan a kan limamin coci, a kan likita, har a kan surukarsa. Yau ya ɗaga mini ƙafa, ni kuwa na yi alkawarin ba zan hana kowa shayinsa ba. Ina godiya ga mutum sittin da uku da suka zauna suka rubuto wa kwamiti ra'ayinsu, domin na karanta kowace takarda daga farko har sa hannu. Ina godiya ta musamman ga jami'ar tsara gari, Tamsin Reddy, wadda ta haɗa rahoton da ke gabanku, kuma zan dawo kanta in sake gode mata a kan wani abu dabam.

Wanda bai san ni ba, sunana Glenda Trevaskis. Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a garin nan, da keke tukuna, daga baya da jan babur ɗin gidan waya, har karnukanku suka gaji da yi mini haushi. A cikin mu biyar da ke kwamiti akwai injiniya, akwai lauya, akwai mai zanen gine-gine, akwai shugaba da ya yi rayuwarsa yana awon filaye. Ni ce ta biyar, wakiliyar jama'a. Ban san lissafin kwalbati ba, ban san nauyin da ginshiƙi ke ɗauka ba. An zaunar da ni a kujerar nan ne saboda abu ɗaya tak, wato na san wanda ke zaune a bayan kowace ƙofa. A kan wannan abu ɗaya ne na gaza, kuma shi na tashi in faɗa muku.

Kafin ƙarfe biyar na yammacin yau, mu biyar za mu ɗaga hannu a kan filin Zangon Bakin Kogi. Idan muka ɗaga hannu a kan rahoton nan yadda yake, mutum goma sha ɗaya za su rasa wurin kwana kafin sanyin nan namu na watan Yuni ya shigo, kuma babu sunan ko ɗayansu a cikin shafi ɗari da arba'in da aka raba muku. Ɗaya daga cikinsu yana zaune a layi na huɗu, da hularsa a kan gwiwa. Sunansa Alby Dunstan, shekararsa saba'in da tara, kuma ya ba ni izinin in ambace shi.

Magana ta farko ita ce yadda aikinmu yake tafiya, domin na ji ana cewa a shagon burodi wai an riga an gama komai a bayan labule. Ba a gama ba. Kowane taku na ƙasa a ƙaramar hukumar nan yana da launi a taswirar da ke rataye a ofis. Ruwan hoda wurin zaman mutane ne, ruwan ƙasa gona ce, kore kuwa wurin hutu da shaƙatawa. Launin fili shi ke faɗin abin da za a iya ginawa a kansa, kuma ba mai sauya launi sai ya bi ta gabanmu. Mai buƙata yana kawo zanensa, ya kawo binciken ruwa da na hanya da na itatuwa. Ofis ya kafa allon sanarwa a jikin shinge, ya aika wa masu filayen da ke maƙwabtaka wasiƙa, ya ba kowa kwana ashirin da takwas ya rubuto goyon baya ko ƙorafi. Sannan mu 'yan kwamiti mu sa takalmanmu na roba mu taka filin da ƙafarmu. Sannan a yi zama irin na yau, a saurari jama'a, mu ba da shawara, shawarar ta wuce majalisa, daga majalisa ta wuce gwamnatin jiha. A shekara shida da na yi, sau ɗaya kaɗai na ga an juya shawararmu, saboda haka kada wanda ya ce hannun da za mu ɗaga yau ba shi da nauyi.

Tsari ne mai kyau, kuma ina alfahari da shi. Shi ya hana a gina gidan mai a jikin makarantar firamare. Shi ya hana a toshe magudanar da ke bayan filin ƙwallo, wadda da an toshe ta da rabin titin Coach ya sha ruwa shekara uku da suka wuce. Amma ku lura da kalma ɗaya a cikin abin da na lissafa: wasiƙa tana zuwa ne ga mai fili. Ofis yana ɗauko sunaye daga rajistar masu mallakar ƙasa. Wanda ba ya cikin rajista, wasiƙa ba ta san hanyar ƙofarsa ba.

Magana ta biyu ita ce buƙatar da ke gabanmu, kuma ina so a ji ni da kyau, ni ba maƙiyiyarta ba ce. Mista Vince Calleja, mai zangon, yana so a sauya filinsa daga kore zuwa ruwan hoda, kamfani ya gina gidaje arba'in da takwas. Garin nan yana buƙatar gidajen, yana buƙatarsu tun bara, yana buƙatarsu tun bariya. Nas ɗinmu Shona wata takwas ke nan tana kwana a ɗakin ajiyar kayan 'yar'uwarta, ita da 'yarta. Malamai biyu sun karɓi aiki a makarantarmu, suka nemi haya suka rasa, suka mayar da takardar aikin. 'Ya'yanmu da muka haifa a asibitin nan suna tuƙa awa ɗaya da rabi su zo aiki a garin iyayensu. Duk wanda ya tashi a zauren nan ya ce kada a gina komai, to ya fara nemo wa Shona ɗaki.

Shi ma Vince ba azzalumi ba ne. Shekara talatin yana wanke banɗakunan zangon nan da hannunsa, yana yanke ciyawa, yana tashi gyaran famfo ranar Kirsimeti. Bayansa ya lalace, 'ya'yansa suna Brisbane, ba mai niyyar gadon tsintsiya. Mutum yana da ikon ya huta.

Na ce na karanta takardu sittin da uku. Ashirin da biyu a kan cunkoson motoci ne a mahaɗar gada. Goma sha huɗu a kan itatuwa da tsuntsayen da ke sheƙa a cikinsu. Akwai masu tsoron bututun ƙazanta ba zai ɗauka ba, kuma suna da hujja, injiniyanmu ya sa sharaɗi a kai. Maƙwabcina Barry Oakes shi kaɗai ya rubuto shafi tara a kan inda motar shara za ta juya, har da zane, har da awo. Barry, na gan ka, kuma na rantse na karanta duka taran. Amma daga cikin zangon kansa, daga filin da ake magana a kai, ko takarda ɗaya ba ta zo ba. Rahoto ya ɗauki shirun a matsayin ba kowa, shi ya sa a shafi na goma sha biyu, inda aka tambayi adadin mazauna na dindindin da abin zai shafa, aka rubuta babu.

Magana ta uku ita ce dalilin wannan shiru, kuma a nan ba wanda zan nuna wa yatsa ban fara da kaina ba. Lasisin zangon ya ce wurin masu hutu ne, ba mai zama fiye da kwana casa'in a jere. Lokacin da masana'antar katako ta rufe, shekara goma sha tara da suka wuce, wasu ma'aikatanta sun rasa gidajen kamfani. Marigayi mahaifin Vince ya ce su shigo ɗakunan tayan nan da ake ja da mota, waɗanda ke can gefen arewa, ƙarƙashin itatuwa, kafin su sami abin yi. Duk bayan kwana casa'in sai ya buɗe sabon shafi a littafin baƙi, ya rubuta su a matsayin waɗanda suka iso yau. Da ya rasu, ɗansa ya ci gaba. Bisa littafin nan, Alby Dunstan ya iso garinmu sau saba'in da shida, kuma bai taɓa tafiya ba ko sau ɗaya.

Wa bai sani ba a cikinku? Mai shagon magani ya sani, yana kai musu ƙwayoyinsu. Direban motar asibiti ya sani, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. 'Yan kwana-kwana sun sani, domin duk lokacin gobarar daji sunayen nan goma sha ɗaya suna cikin aljihun kyaftin ɗinsu, an rubuta da fensir. Ni na fi kowa sani, domin ni na ba su shawarar su kama akwati a gidan waya, kada wata takardar gwamnati ta fito da adireshin zango a goshinta. Mun sani, muka yi gum, kuma mun yi gum ne don rufin asiri. Idan aka rubuta, doka za ta tilasta wa hukuma ta tashe su. Sai gari guda ya haɗa baki ya kawar da kai shekara goma sha tara, kuma har yau ban ji kunyar wannan ba. Abin da nake jin kunyarsa shi ne abin da ya faru ranar da muka taka filin.

Talata ce, ƙarfe goma na safe, mu biyar da Tamsin. Muka bi shinge da taswira a hannu. Muka leƙa magudana, muka auna faɗin ƙofar shiga, muka tsaya a kan tudu muna duba inda ruwa ya taɓa kaiwa. Masanin itatuwa ya riga mu zuwa, ya buga wa kowace bishiya lambar ƙarfe, guda ɗari da goma sha tara, kowacce da sunanta da tsawonta da lafiyarta a cikin rahoto. Da muka isa gefen arewa sai ga ɗakin Alby, da barandar da ya haɗa da ragowar katako, da tankin ruwa, da tumatir a jere an ɗaure su da sanduna, da igiyar shanya, da kujerar marigayiya matarsa Dot inda take tun ranar da ta bar ta. Tamsin shekararta biyu kacal a garin nan. Ta tsaya ta dubi lambun, ta ce, "Ikon Allah, wannan tumatir na wane ne haka? Mai hutun sati biyu ne zai shuka tumatir?"

Jama'a, mu biyar muna tsaye. Lauya ya sunkuya yana gyara takalmi. Shugaba ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. Ni ce na buɗe baki, ni wakiliyar jama'a, na ce mata, "Masu zuwa hutu ne, suna yawan dawowa." Bakina ya saba da amsar har ta fito ban yi shawara da kaina ba. Tamsin ta dube ni, ta gaskata ni, ta rubuta abin da na faɗa. Saboda haka kalmar babu da ke shafi na goma sha biyu ba kuskurenta ba ne. Ita kaɗai ce ta yi tambayar da ta dace a ranar, kuma wannan ce godiyar da na ce zan dawo in yi mata. Tamsin, na yi miki ƙarya, ki yafe mini.

Na koma gida hankalina kwance, ina ganin na sake rufa wa mutanena asiri. Sai da rahoto ya fito, ina shan shayi ina bin jerin itatuwa, na iso bishiya ta tamanin da bakwai. An rubuta: lemun tsami, tsawo mita uku, lafiyayye, ba ɗan asalin ƙasa ba, ana iya sarewa. Na san bishiyar nan. Dot ce ta dasa ta a cikin shekararsu ta farko a zango, kuma rabin matan da ke bayan zauren nan sun yi kek da 'ya'yanta. An ƙirga bishiyar, an ba ta lamba, an auna ta, an yanke mata hukunci a rubuce. Mutumin da yake ba ta ruwa kullum da safe ba shi da ko layi ɗaya. Na ajiye kofin, kuma ina gaya muku gaskiya, na yi kuka.

Washegari da hantsi na je wurin Alby. Na same shi yana gyara ƙugiya zai tafi kamun kifi.

Ya ce, "A'a, 'yar gidan waya! Ko yau takarda kika kawo mini? In ta likita ce ki mayar, ban mutu ba tukuna."

Na ce, "Alby, ka ga allon da aka kafa a shinge?"

Ya ce, "Na gani mana. Ido ne ya rage mini, haƙora ne suka tafi."

Na ce, "To me ya hana ka rubuta ƙorafi? Kwana ashirin da takwas fa aka bayar."

Ya ajiye ƙugiyar ya dube ni yadda ake duban wanda rana ta juya wa kai. Ya ce, "Ke Glenda, ke da kanki? Na karɓo takardar a ofis, tana nan cikin gwangwanin biskit. Layin farko suna, na rubuta. Layi na biyu adireshin da kake zaune. In rubuta me? In rubuta akwatin gidan waya, su ce tsoho ya shige akwati ya kwanta? In rubuta nan, in tona asirin kaina da na Vince da na sauran goma? Ba ke kika ce kada mu kuskura mu rubuta ba?"

Gaskiyarsa, ni ce na ce.

Ya ce, "Bar shi kawai. Agolana, ɗan Dot, yana da gareji a can garin Dubbo, ya ce zai share mini. Sai dai ba kogi a bayan garejin, kuma lemun nan ya tsufa, ba a iya sauya masa wuri." Sannan ya cika mini leda da tumatir, ya ce in daina tsayuwa ina yi masa fuskar jana'iza, ina kore masa kifi tun daga nan.

Daga can na wuce ofishin Vince. Bai yi mini musu ba. Ya ce, "Glenda, kin san ban yi barci mai kyau ba tun da na sa hannu. Amma me kike so in rubuta wa hukuma? In ce ga ni, ni da ubana, shekara goma sha tara muna karya lasisi? Na ce wa kamfani a ba su wata shida su shirya. Iyakar abin da na iya ke nan." Na yarda iyakar abin da ya iya ke nan shi kaɗai. Amma ba shi kaɗai ya yi shirun ba, bai kamata a bar shi ya warware shi shi kaɗai ba.

Ku dubi inda muka kai kanmu, ya ku jama'ar Tarrindi. Shirun da ya rufa musu asiri jiya, shi ne zai share su yau. Mun ɓoye su daga doka har dokar da aka yi don ta saurari kowa ta kasa ganinsu. Tsuntsu ya sami mai rubuta masa takarda, motar shara ta sami shafi tara, bishiya ta sami lamba, mutum goma sha ɗaya ba su sami ko tambaya ba. Kuma ba baƙo ne ya yi musu haka ba, ba kamfani ba, ba gwamnatin jiha ba. Mu ne, masu ƙaunarsu.

Magana ta huɗu, kuma ta ƙarshe, ita ce abin da nake roƙon kwamiti. Ban zo da roƙon a yi watsi da buƙatar ba. Ina roƙon a ɗage yanke shawara, a sake buɗe kwana ashirin da takwas, a buga wasiƙa goma sha ɗaya, a kai kowacce hannu da hannu. In ofis ba shi da ɗan aike, ga ni, ƙafata ba ta manta hanya ba. Ina roƙon majalisa ta ba da tabbaci a rubuce cewa a cikin kwanakin nan ba za a tashi kowa ba, ba kuma za a hukunta Vince a kan abin da gari ya taya shi ɓoyewa ba. Sannan ina roƙon a umarci ofis da kamfani su zauna su duba sharaɗi guda: a ware gefen arewa, inda ɗakunan suke, a ba shi launin da ya halatta zaman dindindin, mazaunansa su zauna da sunansu da adireshinsu har iyakar rayuwarsu.

Na tambayi mai zanen gine-ginenmu, ta ce hakan zai cinye filin gida bakwai. Ta kuma ce idan aka yarda gidajen da ke bakin titi su zama bene mai hawa ɗaya, za a dawo da biyar daga cikin bakwai ɗin. Na san abin da bene yake nufi ga masu zama a titin Coach, har da ni. Daga tagar kicin ɗina ina hango kogi shekara arba'in, kuma idan aka yi benen nan rufin kwano zan riƙa hangowa. Barry, kai ma haka, kuma na san shafi goma sha biyu za ka rubuto wannan karon. Rubuto, haƙƙinka ne, zan karanta. Ni dai na auna tagar kicin ɗina da garejin Dubbo, na ga ba su yi nauyi ɗaya ba.

Ba zan ɓoye muku haɗarin abin da na yi ba. Na tambayi lauyanmu shekaranjiya, ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba cewa daga lokacin da maganar nan ta shiga kundin taro, hukuma ba ta da sauran damar kawar da kai. Ko ta halatta zamansu, ko ta tashe su. Hanyar da muka bi shekara goma sha tara ta rufe tun minti goma da suka wuce, kuma da bakina na rufe ta. Na faɗa wa Alby haka jiya, dalla-dalla, na ce idan ya ce in yi shiru zan yi shiru, ya sami wata shidansa cikin lumana. Ya dubi bishiyar lemun Dot. Sannan ya ce, "Sau saba'in da shida ina isowa garin nan, Glenda. Na gaji da zama baƙo. Faɗa musu."

Duk wanda ya shigo zauren nan yau ya wuce ta gaban ƙaramin tebur a bakin ƙofa, ya sa hannu a takardar mahalarta, kamar yadda muke yi a kowane zama. Layin farko suna, layi na biyu adireshi. Na roƙi Tamsin ta miƙo mini takardar kafin in tashi, ga ta a hannuna. A lamba ta talatin da ɗaya, da rubutun da na sani tun yana aika wa Dot katin Kirsimeti daga dajin katako, an rubuta: Albert Dunstan, ɗaki na goma sha huɗu, Zangon Bakin Kogi, Tarrindi. A ƙarƙashinsa akwai mutum shida da suka bi sahunsa. Huɗu ba su zo ba, suna can suna jiran su ji abin da za mu yi da bakwai ɗin nan, kuma ban ga laifinsu ba.

Mai girma shugaba, abokan aikina, mutanen nan sun ba mu abin da suka ɓoye shekara goma sha tara, sun ba mu shi da hannunsu, a takardarmu, a kan teburinmu. Ba su da wani abin da za su kare kansu da shi yanzu sai hannuwa biyar da za a ɗaga kafin ƙarfe biyar. Nawa ɗaya ne a ciki, kun kuma ji inda zai tafi. Ina miƙa wannan takarda a shigar da ita kundin taro, a kuma gyara shafi na goma sha biyu.

Allah Ya ba shugabanninmu basirar yanke abin da za su iya kallon maƙwabtansu da shi gobe a shagon burodi. Allah Ya ba Shona da 'yarta ƙofar da za su rufe su ce tasu ce. Allah Ya ba Vince hutun da ya yi wa wahala, Ya sauƙaƙa masa ciwon bayansa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya albarkaci ƙasar Inna Merle da duk wanda ke kwana a kanta, na cikin rajista da wanda yau ne ya shiga. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Alby, shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙa, ban taɓa kawo maka ko ɗaya ƙofarka ta zango ba. In kwamiti ya yarda, ranar Litinin da safe ka ɗora ruwan shayi.

Na gode.